V8 ko V6 mai turbo: wane injin fetur ya dace da babbar jif?

A da, wanda zai sayi babbar jif mai shan fetur ba ya wani dogon tunani a kan inji. Silinda takwas ce, lita biyar da ɗoriya, shi ke nan, sai a koma maganar launi da kujeru. Yanzu zance ya sauya. Ford ce ta fara cire V8, wato inji mai silinda takwas, daga Expedition a samfurin 2015, ta sa V6 mai silinda shida da lita 3.5 da turbo biyu, wato na'urar da ke matsa iska cikin inji. Toyota ta bi sahu a 2021 da Land Cruiser 300. Nissan, wadda aka ɗauka ita ce za ta tsaya har ƙarshe, ta fito da sabuwar Patrol a Abu Dhabi cikin Satumbar 2024, ita ma da V6. A cikin manyan kamfanonin, General Motors ce ta riƙe V8 ɗinta kam a Tahoe da Suburban da Yukon da Escalade.

Saboda haka mai saye yana tsakanin abu biyu: ƙaramin inji da ake ɗura wa iska da ƙarfi, ko babban inji mai shaƙar iskarsa da kansa.

A takarda, sababbin sun ci gasa. Tsohon V8 na Toyota mai lita 5.7 yana ba da ƙarfin doki 381 da ƙarfin murɗa kusan Nm 544. Magajinsa, V35A-FTS, wanda ake tallatawa da lita 3.5 alhali ainihin girmansa cc 3,445 ne, yana ba da doki 409 da Nm 650. A Nissan ma haka: V8 mai lita 5.6 na Patrol ta 2010 doki 400 ne da Nm 560, sabon kuwa doki 425 da Nm 700. Babban V8 na General Motors mai lita 6.2 yana da doki 420 da Nm 624, ƙanensa mai lita 5.3 kuma doki 355 da Nm 519.

Lambar doki ita ce ake yawan faɗa a wurin ciniki, amma a mota mai nauyin tan biyu da rabi ko fiye, ƙarfin murɗa ne ke aiki. Shi ke tayar da ita daga tsaye, shi ke haye tudu da ita, shi ke jan tirela. Kuma ba yawansa kaɗai ba, har da inda yake zuwa. Injin Toyota na yanzu yana ba da cikakken ƙarfin murɗarsa tun daga juyi 2,000 a minti, ya riƙe shi har 3,600. Tsohon V8 sai ya kai wajen 3,600 ɗin kafin ya kawo nasa duka. Direba yana jin bambancin a tafin ƙafarsa: ɗan taki kaɗan, motar ta miƙe. A ƙasa mai tsaunuka tazarar ta fi fitowa fili, domin inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, mai turbo kuwa yana cike yawancin giɓin da matsa iska.

Shan mai ma ya ragu, amma a yi hattara da alƙaluman. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Lexus LX 570 ta ƙarshe, mai tsohon V8 na Toyota, tana shan kusan lita 17 a kilomita 100, LX 600 mai sabon V6 kuma kusan lita 12 da rabi. Wannan tafiyar lalama ce. Ka ɗora kaya, ka ɗaura tirela, ka shiga rairayi, turbo ya buɗe, to mai zai zuba daidai da aikin da ake yi, kuma tazarar za ta tsuke sosai. Inji ba ya yin ƙarfi da iska kawai.

Sai babbar tambaya, wadda ita ce ke hana mutane barci: wanne zai daɗe? Abin da aka saba ji a gareji shi ne tsohuwar zuma da ita ake magani, a riƙe V8, a guji turbo. Maganar tana da tushe, sai dai abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya nuna ba ta cika ba.

A watan Mayun 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, masu wannan sabon V6. Dalili: ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, ba a wanke shi tas ba. Ɓurɓushin yana bin baƙin mai ya shiga tsakanin karanshaf, wato babbar sandar da fistan ke juyawa, da zobban da take juyawa a kansu, waɗanda makanikai ke kira metal, ya cinye su, inji ya fara ƙwanƙwasa, daga nan ya buga. A ƙarshe kamfanin ya yanke shawarar sauya injunan ɗungurungum. Masu son V8 suka ce ai dama mun faɗa. Ba a cika shekara ba, a Afrilun 2025, General Motors ta yi nata kiranyen na motoci kusan 600,000 a Amurka, na 2021 zuwa 2024, masu V8 ɗin nan mai lita 6.2 wanda ba shi da turbo ko ɗaya. Matsalar kuma a wuri guda take, wato karanshaf da sandunan fistan da metal ɗinsu, sakamakon aibin ƙira. Injin da aka duba aka ga ya taɓu a sauya shi, wanda ya tsallake a koma zuba masa mai mai kauri, 0W-40 a madadin 0W-20.

Abin lura a nan: a duka biyun ba turbo ba ne ya kashe injin, ba kuma yawan silinda ba ne ya cece shi. Aikin masana'anta ne a wani zango na ƙira. Shi ya sa a ganina tambayar "V6 ko V8" ta zo ta biyu. Ta farko ita ce, wannan motar da ke gabanka, mai wannan lambar shasi, a wace shekara aka ƙera ta, tana cikin kiranye, kuma an yi mata aikin? Kamfanoni suna da shafukan da ake sa lambar a gani, wakilansu ma suna iya dubawa. Sayen irin wannan mota ba tare da wannan bincike ba cinikin biri a sama ne.

Duk da haka kowane tsari yana da nasa lagon, kuma ya kamata a san shi.

Mai turbo yana rayuwa ne cikin zafi. Turbo yana juyi fiye da sau 100,000 a minti, hayaƙin salansa ne ke kaɗa shi, baƙin man injin ne kuma ke shafa shi yana sanyaya shi. Mai ya tsufa ko aka zuba wanda bai dace ba, nan ne wuri na farko da za a gani. Ga ƙarin bututai da famfo da na'urar sanyaya iskar da aka matsa, kowanne wata kafa ce ta yoyo idan shekaru suka ja. Ƙaramin inji mai fitar da ƙarfin babba yana ɗora wa kowane fistan nauyi fiye da na da, don haka ba ya yafe sakaci yadda tsohon V8 ke yafewa. Wanda ya saba wuce lokacin sabis da kilomita dubu uku ko huɗu ya ce ba komai, ya sake hali ko ya sake inji.

V8 na zamani kuma ba shi ne na kakanni ba. Na General Motors yana da tsarin kashe wasu silindoji idan ana tafiya ba nauyi, don rage shan mai, kuma 'yan ƙarafan da ke ɗaga bawul a wannan tsari sun yi suna wajen maƙalewa. Alamarsa ƙas-ƙas daga saman inji da tangal-tangal, gyaransa kuma sai an buɗe kan inji. Sauƙin da ake yaba wa V8 ya ragu ke nan.

Akwai wani abu da ba a cika tambaya ba, alhali yana da tasiri bayan kilomita dubu ɗari: ta ina fetur ke shiga? Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda kaɗai, fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shigar iska, sai baƙin maiƙo ya riƙa taruwa yana daskarewa. V6 na Toyota yana da nozul iri biyu, na cikin silinda da na bakin bawul, haka ma na Ford tun daga ƙarni na biyu da ya shiga Expedition ta 2018. V8 na General Motors da tsohon 5.6 na Nissan kai tsaye kawai suke fesawa. A wannan fannin sababbin V6 ɗin biyu sun fi tsari. Sai dai na Ford na waɗancan shekarun an san shi da wata ƙara ta 'yan daƙiƙu idan aka tayar da shi da sanyi, daga na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. Injin Hurricane na Jeep Wagoneer, mai turbo da silinda shida a jere da lita 3.0, yana da santsi da ƙarfi, doki 420 a ƙaramin samfurinsa, amma shekarunsa a kan titi ba su kai a yanke masa hukunci ba. Sabon V6 na Patrol ma haka.

To wa zai ɗauki wanne? Mai jan kaya, mai hawan tsaunuka, mai doguwar tafiya a babban titi, wanda kuma yake da wakilin kamfani ko ƙwararren makaniki mai kwamfutar duba inji a kusa, V6 mai turbo zai fi yi masa daɗi, musamman sabuwa mai garanti. Wanda zai sayi ta hannu ya riƙe ta shekara goma, ko yake aiki inda ingancin fetur ba tabbas kuma gareji na da nisa, ni zan karkata da shi ga tsohon 5.7 na Toyota ko 5.6 na Nissan, ya haƙura da shan mai. A gidan General Motors kuwa, 5.3 ya wadatar da yawancin mutane: fetur na yau da kullum yake sha, ba kamar 6.2 da kamfanin ke son a ba shi mai babbar lambar oktan ba, kuma ba ya cikin wancan kiranyen. Akwai ma hanya ta uku a wasu kasuwanni, V6 marar turbo, lita 4.0 a Land Cruiser 300 da 3.8 a sabuwar Patrol. Ba sa tashi da zafin nama, da cikakken kaya ma za ka ji suna nishi, amma abin lalacewa a jikinsu kaɗan ne.

Idan ta hannu ce, ka ce a bar maka ita ta kwana ba a tayar ba, ka zo da safe ka kunna da kanka, murfin inji a buɗe, ka saurari daƙiƙu goman farko. Ka nemi takardun sabis ka duba tazarar da ke tsakanin juyen mai da kuma irin man da aka zuba. Idan mai motar ya yarda, a sauya filtar mai a gabanka, a yanka tsohuwar a baje takardar cikinta a rana. Ƙyalƙyalin ƙarfe ko ɗan kaɗan ne, ka mayar masa da makullinsa.