Yaron da jikinsa ya sandare: ina za ki kai shi a Zariya?

Ɗana shekararsa shida yanzu. Shawara ce ta kama shi kafin suna, muka tsaya shanya shi a hantsi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ya kai wata takwas bai riƙe wuya ba, hannu a dunƙule, ƙafafu na harɗewa kamar almakashi, lalurar da likitoci ke kira cerebral palsy. Mata na yawan tambayata inda za su fara, ga abin da na gani.

Ni dai sashen gashin ƙashi (masu motsa gaɓoɓi) na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika nake nuna wa kowa. Ki fara ganin likitan yara, ya duba ko akwai farfaɗiya, ya sa a gwada jinsa, don shawara na taɓa kunne. Idan kina cikin birni, Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau ta fi miki kusa don ganin farko. Abin da ya sa na riƙe gashin ƙashi shi ne ke uwa ake koya wa aikin: yadda za ki miƙe gaɓoɓinsa a hankali, ki zaunar da shi a kusurwar ɗaki da matashi, ki tallafe haɓarsa wajen ci kada ya ƙware. Har goyo sai da aka gyara min, ƙafafunsa a ware a bayana, kuma harɗewar ta ragu. Shika da nisa, kuɗin mota na cin rai, amma yawancin aikin a tabarmar ɗakinki ake yin sa, safe da yamma. Tun ranar farko aka gaya min raunin ƙwaƙwalwar ba ya gogewa, ba ya kuma ƙaruwa. Gaɓoɓin ne ke ƙagewa idan aka bar su. Yau ɗana yana zama da kansa.

Mai zuwa gida ya yi gashin yana da sauƙi idan da hali, amma ki nemi ganin lasisinsa. Ƙwayar baclofen na sassauta jiki, tana sa barci, kuma ba a yanke ta farat ɗaya. Allurar Botox mai sassauta gaɓoɓi tsada, bayan wata 3 zuwa 6 ƙarfinta ya ƙare. Tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala, Kano, sai jijiya ta riga ta gajarce.

To, 'yar'uwa, masu cin kuɗin. Wani mai magani ya ce mana iska ce, cikin kwana 40 zai taka. Na sayar da tumakina biyu. Hayaƙi ya yi ta tura masa, yana fizgar ƙafafunsa da ƙarfi yaro na ihu, alhali ƙashin irin waɗannan yara ba shi da ƙwari, yana iya karyewa. Mafi muni, ya sa muka ajiye maganin farfaɗiyar da yaron ke sha. Daren nan na huɗu ba zan manta da shi ba. Yanzu kuma sun koma WhatsApp da kafso mai sunan Turanci da hoton yaro yana gudu. Duk wanda ya yanka miki ranar warkewa, ko ya nemi kuɗi dunƙule tun kafin ya taɓa yaron, ko ya ce ki bar maganin asibiti, ɗauki ɗanki ki fita. Haka mai ba ki ruwan magani a jarka babu suna, yaron da ko ruwa yake sha da ƙyar. Addu'a kam kullum ina tofa masa, da katin asibitinsa a jakata.