Yaya, ƙuli-ƙuli nake so ba kilishi ba

Yaya ina wuni, ya Umma da yara? Ka ce in ba ka labarin tsiren da na yi ranar Asabar, to wallahi nama ba shi ne matsala a nan Hustan ta jihar Tekzas a Amurka ba, shagunan halal na ’yan Pakistan cike suke a titin Hillcroft, sai dai komai a sikeli ne, ba tayi ba gyara, ba mahaucin da zai ce ungo wannan na yara.

Yaji ne wahalar. Mutanen Tekzas gishiri da masoro kawai suke barbaɗa wa naman ƙirji, kusan rabi da rabi, su bar shi cikin hayaƙin itace awa 12 ko fiye, kuma gaskiya yana daɗi, narkewa yake a baki. Amma yajin gwangwani da ake sayarwa a kanti na duba bayansa sai ga suga a sahun farko, suga fa a nama Yaya! Na mayar musu da abinsu.

Citta, tafarnuwa, kanumfari, barkono duk akwai su a niƙe cikin ’yan kwalabe tsaf-tsaf ba tsakuwa ba ƙasa, ƙamshin ne dai ba ya kai na Kasuwar Rimi. Kimba sai da na je shagon ’yan Najeriya a titin Bissonnet. Ƙuli-ƙulinsu kuwa ya daɗe, ina buɗewa na ji warin tsohon mai, shi ne na ce bari in yi da kaina. Na soya gyaɗa na murje ɓawon na niƙa a bilenda, ina zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ina juyawa har man ya fito, na matse tunkuzar a tsumma yadda Umma take yi, ina cikin toyawa ƙararrawar hayaƙi ta ɗau ihu, ga ni tsaye kan kujera ina mata fifita da sallaya. Turmi kam ba dama, akwai mutum a ƙasana.

Na haɗa ƙuli kofi 2, citta cokali 2, barkono 2, sauran kaɗan-kaɗan da dunƙule 3, ya yi, amma bai kai ba.

Don Allah in an samu mai tahowa a ɗauro min ƙuli-ƙuli mudu ɗaya, sabo. Kilishin nan kar ku wahalar da kanku, nama ne, a filin jirgi za su karɓe.