Shagon zanen hannu a Udaipur: aikin ya yi, amma kar a ce maka tsoho ne

Duk wanda karatu ko jinya ta kai shi Indiya kuma ya samu ya leƙa Udaipur, akwai shagunan masu ƙananan zane-zanen nan irin na fadar sarakuna a layin da ke hawa zuwa City Palace, wato tsohuwar fadar sarakunan garin, ɗaya daga ciki na shiga kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba.

Mai zanen yana zaune a ƙasa a cikin shagon, a gabanka yake aikin. Buroshinsa da gashin jelar kurege aka yi shi, siriri kamar ba komai a baki, kalar kuma garin duwatsu ce ake kwaɓawa da ƙaro, in ya gama sai ya kife takardar ya murje bayanta da dutse mai santsi har fuskar ta yi sheƙi. Sai da ya miƙo min gilashin ƙara girma sannan na ga ashe gemun mutumin da ke kan giwa sili-sili aka ja shi. Kai, akwai haƙuri a wajen mutanen nan.

Wanda na ɗauka kwaikwayo ne na wani shafin Hamzanama, littafin da Sarki Akbar na daular Mughal ta Indiya ya sa aka yi masa wajen 1562 zuwa 1577, zane 1,400 a kan yadi, Mir Sayyid Ali ya fara jagorantar aikin daga baya Abdus Samad ya karɓa, dukansu daga Farisa suka zo. Rubutun a bayan zanen yake, ana ɗaga hoton jama'ar fada na kallo mai ba da labari yana zubo shi. Sunan Sayyidina Hamza aka jingina wa labarin amma tatsuniya ce zalla da aljanu da dodanni, kar wani ya ɗauke shi tarihi. Yau ko 200 ba su kai ba zane-zanen littafin da suka rage, kaso mafi tsoka yana Vienna, babban birnin Austria.

Inda ba mu shirya ba shi ne yaron shagon, ya jawo wani a kan takarda mai ruwan ƙasa da rubutun Urdu a baya wai na kakannin kakanni ne. Haba malam! Tsohuwar takarda suke samu su yi sabon zane a kai, kuma in ma da gaske ne ai dokar Indiya ta 1972 ta hana fita da kayan tarihi da suka haura shekara 100. Farashin farko ma kar ka kula shi, a taya sosai, sannan ka karɓi rasit da ke nuna sabon aiki ne saboda kwastan.

In ba ka rataye hoton mai rai a ɗaki, suna da na furanni da na zayyanar gefe mai ruwan zinare, ni wannan na sayo wa Hajiyarmu. A kwali mai tauri suka naɗe min su, har gida ko lanƙwasa ba su yi ba.