Me 262: Da Tambarin Ingila Ko Na Amurka?

Messerschmitt Me 262, jirgin yaƙin Jamus mai injin jet guda biyu, ya shiga fagen daga a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Masu harhaɗa ƙananan jirage na roba sukan so ganinsa sanye da rigar abokan gabarsa, kuma zaɓi biyu za mu duba a nan: tambarin Amurka ko na Ingila.

Na Amurka shi ne farin tauraro cikin shuɗin da'ira, da farar sanda kowane gefe. Yana da tushe a tarihi, domin a 1945 matuƙan Kanar Harold Watson na sojan Amurka sun tattara Me 262 da aka kama, suka shafa musu tauraron. Matsalar ita ce a ƙarshen yaƙin Amurka ta fi barin jiragenta ba fenti, alminiyum zalla yana ƙyalli. Jikin Me 262 kuwa cike yake da layukan cikon da aka shafe mahaɗar faranti da shi, idan aka bar shi ba fenti sai ya fito dabbare-dabbare.

Ni dai na Ingila ya fi kwanta mini a rai: da'irar ja, fari da shuɗi, da siririn zoben rawaya, bisa fentin ɓad-da-kama na kore da toka-toka. Wannan fenti yana bin jikin jirgin mai kama da kifin shak, ya ɓoye cikon, ya bar fukafukan da suka ɗan karkata baya su fito sosai. Ka ajiye shi kusa da Gloster Meteor, jet ɗin da Ingila ta fara aiki da shi a Yulin 1944, ka ga kamar rundunarsu ɗaya.