Hoton da ke nuna inda tarin fuka ya ɓuya

Ƴan uwa na Tawa da Yamai, ina gaisuwa. Cikin duk kayan asibitin da ake aiki da su nan Faransa, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar hoton PET na mai tarin fuka, wato hoton da na'ura ke ɗauka bayan an yi wa mutum allurar sukari mai haskawa. Radiyon ƙirji da muka sani inuwa yake nunawa, sau da yawa ba ya raba tsohon tabo da ciwon da ke ci. Shi kuwa wannan, wurin da ciwon ke aiki yake haskawa: huhu, kaluluwar wuya, ƙashin baya, har cikin ciki.

Kafin hoton, awa 6 ba a cin komi, ko shayi, sai ruwa zalla. A auna sukarin jini, in ya haura giram 2 a lita a ɗaga ranar, don sukarin jiki zai tare wa allurar da za a yi hanya, hoto ya fito dishi-dishi. Sai a yi allurar FDG a jijiya, sukari ne da aka haɗa da fuloro 18, sinadari mai fitar da hasken da na'ura ke gani, wajen megabekerel 3 (ma'aunin ƙarfin hasken ke nan) ga kowane kilo na nauyin mutum. Ya kwanta awa guda a ɗaki mai ɗumi, ba hira, ba taunar cingam, domin duk tsokar da ta motsa za ta sha sukarin ta yi haske inda babu ciwo. Ya yi fitsari, ya shiga na'ura kamar minti 20. Ƙwayoyin garkuwar jiki da suka yi wa cutar ƙawanya suna cin sukari sosai, su ne ke haskawa.

Makara ba ta da wuri a nan. Kowane minti 110 rabin ƙarfin allurar ke tafiya. Bayan awa 5 da rabi kashi ɗaya cikin takwas ya rage, motar da ta baro Yamai ba ta ma shiga Tawa ba. Shi kuwa hoton ƙashi da ake yi a Yamai, a cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni, da wani sinadarin mai haskawa ake yi, teknesiyom, wanda sai awa 6 yake raguwa da rabi.

Kuma hoton ba ya yanke hukunci. Ciwon daji (kansa) ma sukari yake ci, haskensu iri ɗaya. Dole a koma ga kaki da GeneXpert, na'urar gwajin kakin mai ba da amsa cikin awa 2, ga shi muna da shi a gida. In ƙashi ne ko kaluluwa, hoton ya nuna inda za a soka allura a ɗebo nama.

Abin da nake so kowa ya gani shi ne hoton wata na 2 da fara shan magani. Tari ya tsaya, mutum ya yi ƙiba, yana cewa ya warke, amma ga huhun nan da sauran wuraren da ke ci. Daidai lokacin da mutanenmu ke ajiye magani ke nan! Wai fitsari ya yi ja, alhali aikin rifamfisin ne, ɗaya daga magungunan tarin, ba jini ba. Wai daminar bana ba ta jira. Shan maganin wata 6 ne cif, na ƙashin baya ya fi haka, kuma kyauta ake bayarwa. Wanda ya yanke, cutar na iya dawowa ba ta jin maganin farko. Mai ciwon baya kuma a yi ta yi masa ƙaho da sakiya har ƙashin ya lotsa, doro ya fito, ƙafafu su mutu.

Abu ɗaya na nan yana ci mini rai. Ana ware mai tarin a ɗaki shi kaɗai wajen sati 2, mai shiga sai da takunkumi, ba mai kawo masa kunu, ba mai zama gefen gado ya ce sannu. Ganin haka kan sa in yi begen gida. Sai dai a kan iska sun fi mu gaskiya. Mu muna ware wa mai tari ƙwarya da ludayi, sannan mu kwana da shi da yara a ɗaki ɗaya, taga a toshe saboda hunturu. Ta numfashi cutar ke bi. A buɗe taga, ya rufe baki in zai yi tari, a kai yaran gidan a duba su, musamman ƴan ƙasa da shekara 5.