Alkahira ko Istanbul: Wanne Ya Fi Sauƙi ga Mai Ƙaramin Guzuri?

Matafiyin da guzurinsa bai taka kara ya karya ba, idan yana tunanin zama a Alkahira ko Istanbul, abinci da zirga-zirga ya kamata ya fara dubawa, domin su ne ke cinye kuɗi kullum ba tare da mutum ya ankara ba.

A Alkahira, kwano ɗaya na koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙananan wake) da aka zuba wa miyar tumatir da soyayyiyar albasa, yana riƙe ciki tsawon wuni, kuma ana samunsa a kusan kowace unguwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, wanda ya fara aiki a 1987, yana da araha, har ma an ware wa mata taragonsu. Wanda ya yi karatun Larabci zai iya taya kaya a kasuwa, ko da yake Larabcin Misirawa sai kunne ya saba da shi. Ga kuma ɗaliban Azhar daga Najeriya da Nijar, waɗanda suka san unguwannin da haya ke da sauƙi, kuma a ganina wannan ne babban abin da ya fifita Alkahira ga mai niyyar daɗewa.

Istanbul ta fi tsari wajen sufuri, domin da katin Istanbulkart guda ake hawa bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwan da ke tsallaka mashigin ruwan Bosforus tsakanin Turai da Asiya. Sai dai hayar ɗaki ta fi tsada, Turkanci sai an koya daga tushe, kuma a lokacin hunturu dole mutum ya ware kuɗin ɗumama ɗaki da na rigar sanyi mai kauri.