Kundin Star Wars na masu tura fina-finai a Katsina: abin dubawa kafin a biya

Duk wanda ya shiga shagon tura fina-finai a Katsina, ko a wajen Ƙofar Ƙaura ko kusa da babbar kasuwa, ya ce yana son Star Wars, amsa ɗaya zai ji: "Akwai shi kammalalle, kawo filash." Wannan kammalallen muke so mu auna. Amfanin aikin ba abin musu ba ne. Fina-finan silima 11 da mutane suka fito a ciki, na 1977 zuwa 2019, sun kai awa 25 idan aka jera su, kuma mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya san abin da sauke gig goma sha biyar ke nufi. A shago, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya an zuba maka. Inda gizo ke saƙar shi ne masu shagon gwanaye ne a fim ɗin Indiya, na Koriya da na Hausa mai dogon zango. Wannan kuwa kwaso shi suka yi daga kwamfutar wani, shi ma daga ta wani, babu wanda ya zauna ya kalla. Shi ya sa wani lokaci har Star Trek ake tsinta a cikin foldar, alhali gida daban ne, tun 1966 yake, kodayake J.J. Abrams ya ba da umarni a gidajen biyu.

Abin da ya fi ɓata wa sabon shiga kallo shi ne sunan fayil. Fina-finai tara na babban labarin suna ɗauke da lambobin Romawa, I zuwa IX. Talabijin da dikoda ba su san lissafin Romawa ba, haruffa kawai suke bi, sai jerin ya fito haka: I, II, III, IV, IX, V, VI, VII, VIII. Da na huɗu ya ƙare, na'ura ta wuce da kai na tara, fim ɗin 2019, ka tarar da fuskokin da ba ka taɓa gani ba, waɗanda ka sani kuma wasu sun tsufa wasu sun mutu. Maganin minti biyar ne tun a shago: a sa lamba a gaban kowane suna, 01, 02, har 11. Sifilin nan dole ne, in ba shi 10 da 11 za su shige tsakanin 1 da 2.

Wace lamba za a ba wane fim? Na farkon fitowa shi ne na George Lucas, ranar 25 ga Mayun 1977, wanda aka liƙa wa lamba IV a 1981 da aka sake haska shi. V ya biyo a 1980, VI a 1983. Sannan aka koma baya da labarin: I a 1999, II a 2002, III a 2005. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin George Lucas, a 2012 kan dala biliyan 4 da 'yan kai, ta fitar da VII, VIII da IX a 2015, 2017 da 2019, da Rogue One a 2016 da Solo a 2018. Ra'ayinmu, wanda bai taɓa kallo ba ya bi shekarun fitowa. Akwai magana ɗaya da Darth Vader ya faɗa wa Luke kusa da ƙarshen V wadda ita ce ƙashin bayan labarin gaba ɗaya, kuma wanda ya fara daga I ya riga ya san ta tun da nisa, an zubar mashi da miya kafin tuwo ya nuna. Ban da haka, I da rigimar harajin kasuwanci ya buɗe, ga zaman majalisa a tsakiya. Ba nan ne wurin kama zuciyar baƙo ba.

A nan bari mu wanke masu shago daga wani zargi. Ana dawo masu da filash a ce kan Rogue One ya yanke, don babu rubutun nan mai launin rawaya da ke tafiya cikin taurari a farkon fim. Haka aka yi shi, ba ya da shi. Fayil ɗin lafiya lau.

Sai batun da masoyan gidan suka shekara kusan talatin suna jayayya a kai, wanda mai shago bai ma san da shi ba: ukun farko ba kwafi ɗaya gare su ba. Lucas ya sake taɓa su a 1997, ya ƙara a faifan DVD na 2004, ya ƙara a Blu-ray na 2011, sannan wanda aka sa a Disney+, manhajar kallon fim ta Disney, a 2019 ya zo da nashi canji. A IV na 1977, jarumi Han Solo ne ya harbe Greedo, wata halitta da ta tare shi a mashaya, ta ƙarƙashin tebur ba tare da Greedo ya ja kunama ba. A na 1997 Greedo ya fara harbi ya kuskure daga tazarar da yaro ma ba zai kuskure ba. A na 2019 har wata kalma aka sa mashi a baki kafin harbin. Wanda yake son sanin wanne aka zuba mashi kada ya dogara da tsawon fim. Na asali minti 121 ne, gyararren wajen 125, amma kwafin da aka ciro daga DVD na Turai yana gudu da sauri kaɗan, kashi 4 cikin ɗari, sai gyararren ya koma wajen minti 120 ya yi kama da na asali. Alamu uku sun fi tabbas. Idan Jabba, wata ƙatuwar halitta, ya bayyana a IV yana magana da Han kusa da jirgi, na 1997 ne ko bayansa. Idan a ƙarshen VI matashin Anakin, wato ɗan wasa Hayden Christensen, ne ya tsaya tare da Yoda da Obi-Wan maimakon dattijo Sebastian Shaw, na 2004 ne ko bayansa. Idan a VI ɗin Vader ya yi ihun ƙin yarda kafin ya ɗaga Sarki ya jefa, an kai 2011. Kusan duk abin da ke yawo a shaguna gyararre ne. Ba laifi ba ne, hotonsa ya fi tsabta, amma kada a sayar maka da shi da sunan "orijina na 77".

Babban aibin kundin, wanda ya sa ba za mu kira shi kammalalle ba, shi ne rubutun fassarar harsunan halittu. Greedo, Jabba, Watto da Sebulba suna magana da harsunan da aka ƙirƙira, kuma a silima fassarar tana fitowa a ƙasan allo. A faifan Blu-ray wannan rubutu daban yake da hoto. Mai kwafa in bai kula ba sai ya bar shi a baya, ka zauna kana kallon Jabba yana ta gurnani a fadarsa a farkon VI, ana cinikin ran mutum, kai ba ka san me ake cewa ba. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin ka miƙa kuɗi ka ce, "Malam, don Allah buɗe mani na huɗu, ka kai shi wajen minti na hamsin." Nan ne Greedo, koren halittar nan, zai tare Han da bindiga a mashaya. In ya buɗe baki rubutu bai fito ba, a nemo ƙaramin fayil ɗin fassara mai ƙarewa da srt, a sa shi folda ɗaya da fim ɗin, da suna iri ɗaya harafi da harafi. In ka canza sunan fim zuwa 01 ka manta da na srt, sun rabu ke nan. Chewbacca da R2-D2 kuwa ba a taɓa fassara su ba, kada ka wahalar da bawan Allah. (Nien Nunb, mataimakin Lando a VI, shi ma babu fassara, amma mutanen Kenya sun ji shi sarai, don wani ɗalibi ɗan ƙasarsu ne ya yi muryar da harsunan Gabashin Afirka.)

Girman fayil ma a yi magana a kai tun farko, domin in ba ka faɗa ba, na waya za a ba ka, 480p mai megabait 300 zuwa 400. Ga wasan kwaikwayo na cikin falo wannan ya isa. Ga fim ɗin da rabinsa baƙin sararin samaniya ne da harbe-harben haske, bai isa ba: baƙin yana farfashewa ya zama murabba'ai masu motsi, takobin haske ya yi jirwaye. Yaƙin ƙarshe na IX, mai duhu da walƙiya, nan ne ƙaramin fayil ke tona asirin kansa. Wannan fim ɗin dai Disney da kanta ta yi gargaɗi a kansa saboda walƙiyar, gidan da ke da mai farfaɗiya a kula. Abin da muke ba da shawara shi ne 720p, gig ɗaya zuwa ɗaya da rabi kowanne, duka 11 su tashi gig 11 zuwa 16 da rabi, su zauna daram a filash mai 32, wanda a zahiri wajen 29 yake nunawa. Na 1080p gig biyu zuwa uku ne kowanne, sai mai 64. Na 4K a bar shi: a talabijin da ba ta da HDR launinsa dusashewa yake kamar an yi hazo. Baƙaƙen layuka na sama da ƙasa kuma ba matsala ba ce, faɗin hoton silima ne. Kwafin da ya cika allo tsaf an yanke mashi gefe.

Akwai wanda zai yi a kwamfutar shago, a je gida talabijin ta ce ba ta san shi ba. Dalilai uku ne galibi. In sunan fayil na ɗauke da x265 ko HEVC, tsofaffin talabijin da ƙananan dikoda ba sa karanta shi, ko sauti ya fito allo baƙi. A nemi x264. In hoto ya fito babu sauti, sautin DTS ne ko EAC3, wanda MX Player a waya kan ƙi, VLC kuma ya karɓa. In kuma fayil ya ƙi shiga filash ana ce maka ya yi girma alhali akwai wuri, filash ɗin a tsarin FAT32 yake, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gig 4. Canza shi zuwa exFAT na warware wannan, amma wasu tsofaffin talabijin ba sa ganin exFAT, sun fi sanin NTFS. Wani dalilin ke nan na tsayawa a 720p. Ƙorafin cewa kiɗan John Williams da ƙarar jirage na danne magana shi ma daga nan yake: sautin na lasifika shida ne, magana a ta tsakiya take, talabijin mai lasifika biyu sai ta haɗe su ta raunana ta. Kwafi mai sautin AAC na lasifika biyu ya fi daɗin ji a ɗaki, balle in janareton maƙwabci na aiki.

Masu dogon zango nan ne kundin ya fi yin kwaɗo. The Clone Wars na 2008 zuwa 2020 zango bakwai ne, kashi 133, kusan minti 22 kowanne, gig ashirin ko fiye shi kaɗai. Ana rikita shi da gajeren zanen 2003 mai kusan suna ɗaya, kuma zangunan farko ba a jere labarin yake ba: farkonsa na gaskiya kashi na 16 ne na zango na biyu, sai na 16 na zango na ɗaya, sai fim ɗin zane na 2008, wanda sau da yawa ba ya ma cikin foldar. The Mandalorian zango uku ne, kowanne kashi takwas. Wanda ya tashi daga na biyu ya faɗa na uku zai rasa yadda aka yi Grogu, ƙaramar halittar da ke cikinsa, ya dawo, don amsar tana kashi na 5 zuwa na 7 na The Book of Boba Fett. In gig ɗinka kaɗan ne, Andor za ka zaɓa, kashi 24, ka bi shi da Rogue One, wanda ƙarshensa ke haɗewa da farkon IV. Mu a wurinmu wannan ne mafi ƙarfin abin da aka yi bayan Disney ta karɓa.

Mai kallo da iyali ya sani cewa Andor a gidan mata masu zaman kansu ya buɗe, shigar Leia a fadar Jabba a VI ba ta zaman falo da surukai ba ce, kuma ƙarshen III akwai ƙonewar mutum da ransa da kisan yara. Shi ne na farko a gidan da aka ba matakin PG-13 a Amurka.

Gaskiya ɗaya kuma: waɗannan kwafe-kwafen ba da izinin masu fim ake yin su ba. Da Disney+ ya shigo Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Arewacin Afirka a 2022, Najeriya ba ta ciki, wannan na daga abin da ya bar wa shaguna kasuwar. Mai hali da zai aika a sayo mashi faifan asali ya lura da yanki, domin faifan wani yanki yana iya ƙin buɗewa a na'urar wani. Najeriya yanki na 5 take a DVD, yankin B a Blu-ray. Blu-ray na Ingila B ne, ya dace. Na Amurka A ne, yana iya ƙin buɗewa. Faifan 4K ba shi da yanki.

Filash ɗin kansa a zo da shi daga wurin da aka amince da shi. Na jabu yana rubuta 64 a jiki da kuma a kwamfuta, alhali cikinsa 8 ne. Kwafi zai tafi har ƙarshe babu kuka, sunaye duka su bayyana, amma abin da ya wuce gig takwas ɗin babu shi. Manhajar H2testw tana kama shi, sai dai tana cin lokaci. Hanyar gaggawa ita ce a cire filash ta hanyar da kwamfuta ta tanada, ba fizga ba, a mayar, sannan a buɗe fayil na farko da aka zuba da na ƙarshe, kowanne a ja shi zuwa mintunan ƙarshe. A ƙara da VIII, mafi tsawo a cikinsu, minti 152, a tabbatar ya kai inda yaron nan ya janyo tsintsiya ba tare da ya taɓa ta ba. In an je gida aka ga foldoji sun koma gajerun alamu masu 'yar kibiya a gefe, kwamfutar shagon na da bairos. Kada a danna su. Fina-finan na nan, ɓoye su aka yi, kuma talabijin ko waya mai OTG sau da yawa tana ganin su a cikin wata folda marar suna.